Daga Filin Ɗorawa Zuwa Bakin Teku

Kwana tara muka yi a Agadas muna jiran mota, ni da Sagir, a wani gida mai ɗaki uku da aka cusa mu a ciki kamar buhunan albasa. Sunana Habu. Manomin rani ne ni daga wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ke bi ta bayan gidaje. Sagir maƙwabcinmu ne, na girme shi da shekara takwas, kuma shi ne ɗan wasan gaba na ƙungiyar ƙwallon garinmu a lokacin da muke da ƙungiya. Ni ban taɓa buga ƙwallon kirki ba. Aikina ranar wasa shi ne in bi gida-gida in tara toka, in ja layin fili da ita, in ɗaura raga, sannan in koma bayan ragar gabas in yi ta ihu har muryata ta dishe.

Filin Ɗorawa muke ce wa filin namu. Tudu ne da ruwan kanal ba ya hawa, shi ya sa ba wanda ya damu da noma shi. Akwai wata tsohuwar ɗorawa a kusurwarsa ta kudu, a gindinta dattawa ke shimfiɗa buhu su zauna kallo. Filin ya ɗan gangara ta yamma, don haka duk wanda ya san shi yakan zaɓi ya hau tudu a zagayen farko, ya gangaro a na biyu lokacin da baƙi sun gaji. Shekara biyu kafin tafiyarmu magadan filin suka sayar da shi. Katafila ta zo da hantsi ta tuge ɗorawar muna tsaye muna kallo, aka ja katanga, aka kafa injin casar shinkafa. Ƙungiya ta koma aron filin wata firamare a garin gaba, aka yi wasa uku ko huɗu, daga nan kowa ya kama gabansa.

Ni dai ba wannan ya fitar da ni daga gida ba. Albasa ce ta ruɓe mini shekara biyu a jere, ga mata ga 'ya'ya biyu. Amma Sagir, in ka ce filin ne ya kore shi, ba ka yi ƙarya ba.

A gidan nan na Agadas, idan rana ta yi sanyi, sai ya ɗauki tsinke ya zana filin a ƙasa. Ya sa dutse a wurin ɗorawa, ya sa marfin kwalba a inda ya tsaya ranar da ya ci 'yan Garun Mallam daga tsakiyar fili. Mutanen da ko Hausa ba sa ji sai su kewaye shi suna kallo, don ba abin yi.

"Yaya Habu, daga nan ne ko?"

"Matsar da shi gaba kaɗan. Kullum ƙara nisa kake yi."

"Wallahi daga nan ne."

"To daga nan ne."

Wanda ya haɗa mana tafiyar wani ne da ake kira Oga Isiya, mai farar hula da taushin murya. Shi ya ce akwai aikin gonar dabino a Aljeriya, da wurin kwana, da takardar zama. Ya ce mutanen Kura ake nema musamman, don mun san ruwa.

Hanyar sahara ba ta da wani labari sai rana. Mu ashirin da wani abu a bayan a-kori-kura, kowa ya saƙala sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. A rana ta biyu gwiwar Sagir ta dama, wadda ya taɓa gocewa a wasa, ta kumbura saboda naɗewa. Wata mata 'yar wajen Matamaye da ke kusa da mu, da goyo a bayanta, ta kwance bakin zaninta ta fito da ɗan ƙoƙon man kaɗanya.

"Shafa masa, ɗan'uwa. Ka ja daga sama zuwa ƙasa."

Na ce ta bar wa yaronta, leɓensa duk ya tsage. Ta ce akwai saura. Na ga ƙoƙon, babu wani saura. Ban tambayi sunanta ba, kuma muna isa iyaka muka rabu.

A Tamanrasat Oga Isiya ya zaunar da mu wurin wani mai shayi, ya karɓi fasfo ɗinmu ya ce zai kai a buga hatimi, kafin la'asar ya dawo. Muka yi la'asar a wurin. Washegari muka dawo muka zauna. A rana ta uku mai shayin, wani Bazabarme mai jin Hausa, ya miƙo mana kofi biyu ba mu ce a kawo ba.

"Mai farar hulan nan kuke jira?"

Na ce e.

"Ku sha shayi. In kun gama ku bi titin nan har ƙarshe, akwai inda ake gini, suna ɗaukar lebura. Kada ku ce ni na turo ku."

Muka shanye shayin muka bi titin. Daga ranar muka zama mutanen da ba su da takarda, kuma wanda bai taɓa zama haka ba ba zai gane yadda ake koyon tafiya a gefen bango ba.

Wata huɗu muka yi muna kwaɓa siminti. Muna kwana a cikin ginin da muke yi, idan an gama hawa ɗaya mu koma na sama. Abinci burodi ne da taliya, taliya da burodi. Na yi ta mafarkin ɗanwake da mai da yaji har na daina faɗa. Sagir ba ya ƙorafin aiki, ƙarfi gare shi, amma ranar da aka sa mu daɓe wani fili da kankare a gaban ginin, na ga ya jingina da shebur yana kallon ƙasa.

"Lafiya?"

"Yaya Habu, duk sanda na zuba kankare a ƙasa sai in ga kamar filin wasu nake binnewa."

Na ce masa ya kama aiki kafin mai gini ya hango mu.

Daga nan muka samu mota zuwa Gardaya. A can ne kawai na ji ni mutum ne. Wani Balarabe mai gonar dabino da tumatir ya ɗauke mu. Ruwansu na rijiyar burtsatse ne, a tiyo yake bi, amma ruwa ruwa ne. Ranar farko na lura rabin kwamin tumatirinsa na shan ruwa fiye da kima, rabi na ƙishi. Na ɗauki fartanya na gyara gangaren. Da ya zo ya gani sai ya dube ni ya dubi ƙasar, ya tafi ya dawo da tulin dabino a cikin hularsa. Da ni kaɗai ne, da a nan zan zauna har in tara abin komawa gida.

Amma Sagir ya ji labari wurin wasu samari cewa a arewa, garuruwan bakin teku, ƙananan ƙungiyoyi na ɗaukar baƙin 'yan wasa. Kullum da maganar yake tashi. Na ce gwiwarka fa. Ya ce ta warke. Na ce takarda fa. Ya ce in sun ga ƙafarsa su za su nema masa. Da na ga zai tafi ko da ni ko ba ni, sai na ajiye fartanya na bi shi. Tare muka fito, ban ga fuskar da zan koma gida da ita in ce na bar shi ya wuce shi kaɗai ba.

Garin da muka sauka ba zan faɗi sunansa ba, akwai mutanen da suka taimake ni a can kuma ba na so in ja musu magana. Gari ne mai sanyi da warin kifi. Muka samu aikin wankin mota a wani makeken wurin ajiye motoci da ke gaban wata sabuwar kasuwa mai hawa uku. Mai gadin wurin wani tsoho ne, Bashir, siriri mai gashin baki fari, mai tari. Baba Bashir nake ce masa. Larabcina na makarantar allo ne da ɗan abin da na tsinta a hanya, nasu kuma daban yake, amma da hannu da ka muna fahimtar juna.

Abu biyu suka ɗaure mini kai a wurin. Na farko, akwai wani gurbi a tsakiyar wajen da Baba Bashir ya ajiye tsohuwar taya, ko wuri ya cika maƙil ba ya barin mota ta tsaya a kai. Na sha ganin ya yi cacar baki da masu manyan motoci a kan haka. Na biyu, duk Juma'a bayan la'asar wasu tsofaffi su bakwai ko takwas sukan zo da kujerun roba, su jera a gindin bangon kasuwar, duk suna fuskantar motoci. Ba da'ira suke yi kamar masu hira ba, layi suke yi. Kuma kullum akwai tazara tsakanin na uku da na huɗu, ba mai matsawa ya cike ta.

Wata Juma'a ina wanke mota kusa da su, ƙwallon wasu yara ta taso ta nufo mu, Sagir ya tare ta da ƙirji, ya ɗaga ta sau biyu ya mayar musu da dunduniya. Tsofaffin nan gaba ɗaya suka gyara zama. Baba Bashir ya yafito mu.

A ranar na san inda nake wanke mota. Filin ƙwallon garin ne a da, mai benaye na 'yan kallo ta gefe biyu. An rushe shi aka gina kasuwa, aka yi musu sabo babba a bayan gari. Wurin tayar nan, nan ne ake ajiye ƙwallo a buga fanareti. Bangon da suke jingina da shi, nan layin kujerunsu yake tun suna samari. Tazarar kuwa ta abokinsu ce da ya rasu.

Na tambaye shi, ba sa zuwa sabon filin ne?

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Sau ɗaya suka je. Ya ce fili ne mai kyau, ciyawa kamar darduma, amma mota biyu ake hawa kafin a kai, kuma idan ka zauna ba ka san na kusa da kai ba. Ya ce a nan, idan iska ta taso daga teku, su sun san ta wace kusurwa za ta karkatar da ƙwallo, baƙi ba su sani ba. A can iska ba ta kowa ba ce.

Na ce masa mu ma muna da fili an rushe. Sagir ya fito da wayarsa mai fasasshen gilashi ya nuna masa ɗan bidiyon da ya rage mana, wanda wani ya ɗauka hannunsa na rawa. Jar ƙasa, layin toka, turakun raga na itacen dalbejiya, ɗorawa, da wata akuya tana ratsa fili ana tsakiyar wasa. Baba Bashir ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce wannan ai gona ce. Da tarin ya lafa sai ya ce a sake kunna masa. Ya sa yatsa a kan allon, bayan raga.

"Kai ne wannan?"

Na ce ni ne.

Ya juya ya yi wa abokansa magana da sauri ban ji ba. Juma'ar da ta biyo, da suka zo, sun taho da ƙarin kujera. A ƙarshen layi suka ajiye mini ita. Wata bakwai na yi ina zama a kujerar nan, ina kallon motoci tare da su, suna nuna mini inda wane ya yi kaza shekara talatin da suka wuce, ni ma ina ba su labarin gangaren yamma da Larabcin da ko rabinsa ba sa ganewa. Sukan kawo gahawa a fulas da wani burodi mai zaitun. Ban taɓa jin an tambaye ni takarda a layin nan ba.

Baba Bashir ne ya nema wa Sagir gwaji. Ɗan ƙanwarsa na horar da wata ƙaramar ƙungiya a unguwar masunta. Baba Bashir ya aro wa Sagir takalmi wurin mai horarwar, ya raka mu da kansa. Minti ashirin na farko na ga Sagir ɗin da na sani, ya yanke mutum biyu ya ba da ƙwallo aka ci. Na sami kaina ina ihu da Hausa ni kaɗai a bakin fili. Daga nan ya yi wata juyawa, na ga ya dafa gwiwa. Bai faɗi ba, ya ƙarasa wasan yana ɗingishi yana ɓoyewa.

Mai horarwar ya yi masa magana cikin mutunci. Ya ce ƙafa akwai ta, amma gwiwar na son aiki a asibiti, kuma ko da lafiyarta ƙalau, ba fasfo ba rajista. Ya bar masa takalmin.

Bayan wannan Sagir ya daina zana fili, ya daina kunna bidiyon. Yana wankin mota, yana cin abinci, yana salla, amma kamar an rage masa murya. Wata ranar Talata da azahar muna zaune a inuwar wata babbar mota ya ce:

"Yaya Habu, zan tsallaka."

Na san abin da yake nufi. Kowa a garin ya san ana shiga kwalekwalen roba a tsallaka teku.

"Da wace gwiwar?"

"A can za su gyara ta."

"Sagir, mu koma Gardaya. Mu yi shekara ɗaya, mu koma gida da mutuncinmu."

"In koma in yi me? In ɗauki buhun shinkafa shanshera in shiga da shi injin casa ta inda nake buga kwana?"

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da Allah. Na sa Baba Bashir ya yi masa magana, tsohon ya nuna masa teku ya ce shi a bakinsa aka haife shi kuma bai yarda da shi ba. Sagir ya saurara da ladabi, kansa a ƙasa. Bayan kwana shida na dawo daga sayen sabulu na tarar ba ya nan. Ya bar mini bargonsa. Washegari saƙon murya ya shigo wayata: "Yaya Habu, mun kusa tashi. Ka yafe mini. In na sauka zan kira."

Wannan karon ban bi shi ba. Na sha tambayar kaina ko tsoro ne ko hankali, har yau ban samu amsa ba.

Mako uku Baba Bashir yana rufe ɗan ɗakinsa na gadi da rana yana raka ni. Mun je wurin masunta, mun je asibiti, shi yake shiga ya yi tambaya ni ina rakuɓe a waje. Wasu suka ce jirgin ya isa, wasu suka ce ba wannan ba ne. Lambar Sagir ba ta sake shiga ba.

Ni kuma wata safiya na fito sayen burodi aka tare ni aka ce takarda. Ba duka, ba zagi. Aka sa ni a mota tare da wasu, aka yi ta kudu da mu kwana da kwanaki, duk garuruwan da na wuce da wahala ina ganinsu ta taga suna komawa baya. A bakin iyaka aka sauke mu aka nuna mana gabas da yamma, muka taka da ƙafa cikin rairayi har Asamaka. Ban yi sallama da Baba Bashir ba. Ban san me ya ɗauka da bai gan ni ba, kuma ba ni da lambarsa, don ba mu taɓa bukatar waya tsakaninmu ba.

Na iso gida ana dashen shinkafa, da leda ɗaya a hannu. Matata ta yi kuka ta yi dariya, ƙaramin ɗana ya ɓuya a bayanta. Kwana biyu ban fita ba. Na san akwai inda ya wajaba in je, ina ta ja da baya.

A rana ta uku bayan la'asar na nufi gidan su Sagir. Wata yarinya ta ce mini mahaifiyarsa, Inna Talatu, ba ta nan, tana fili. Haka yarinyar ta ce, tana fili, kamar ba abin da ya canza.

Na bi ta bakin kanal. Injin na ta ruri, ɓuntu ya yi tsibi a bayan katanga, tireloli biyu na jiran lodi. A gindin katangar ta kudu, daidai inda ɗorawa take a da, na ga mutum kusan goma a kan buhuna, waɗanda na sani tun ina yaro. Ba inuwar kirki a wurin, ga ƙaiƙayi na tashi, ga ƙara ba a jin magana sai an ɗaga murya. Suka ga ni suka yi ta sannu da zuwa, aka matsa mini. Gefe kaɗan Inna Talatu na zaune da kaskonta na ƙosai, inda take zama duk ranar wasa. Leburorin injin ne masu sayenta yanzu.

Na je na durƙusa.

"Habu. An dawo lafiya?"

"Lafiya lau, Inna."

"Ka rame."

Ta juya ƙosai. Na jira ta tambaya, ba ta tambaya ba, don haka na faɗa mata da kaina. Ban rage ba, ban ƙara ba. Na faɗi gwajin, da gwiwar, da saƙon, da mako ukun da muka yi muna nema. Na ce wasu sun ce jirgin ya isa. Na ce na yi iya yina in hana shi, sannan na ji kunyar maganar.

Ta tsame ƙosan ta zuba a kwando, ta sa wani ƙullun. 

"Ya samu ya buga ƙwallon dai?"

"Ya buga, Inna. Ya ba da aka ci."

Ta gyaɗa kai.

Na ce mata ƙurar ɓuntun nan ba ta da kyau ga ƙirjinta, ga bakin kasuwa can ya fi ciniki, in tana so in ɗaukar mata kayan gobe.

"A'a, bar ni a nan," in ji ta. "Yaron nan tun yana ƙarami, in an aike shi Kura, sai ya biyo ta fili kafin ya shiga gida. Ranar da zai dawo ma ta nan zai fara biyowa. Ba na so ya zo ya tarar ba kowa."

Ta naɗe ƙosai uku a takarda ta miƙo mini. Na karɓa na koma cikin dattawan na zauna, muka fuskanci katanga.